Rasuwar Mai Gurnani, Injin Sassaƙa na Danau Kota

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ɗaki mai cike da ƙaurin waya har yanzu, ni Abdussalam Nasir nake sanar da 'yan'uwa mazauna Kuala Lumpur rasuwar injin sassaƙata, wanda iyalina suka raɗa wa suna Mai Gurnani. Ya cika ranar Talata da hantsi a gidanmu na unguwar Danau Kota, yana tsaka da aiki.

Marigayin ƙarami ne, bai fi akwatin talabijin ba. Sana'arsa ɗaya: sassaƙa 'yan fikafikan da ake ɗaurawa a ƙarƙashin allon hawan igiyar teku, don allon ya riƙe hanya. Ni ban iya ko iyo ba. Kafinta ne ni shekara ashirin kafin na koma makaranta, kuma a ajinmu da ke titin Jalan Semarak, inda duk na haifi 'yan ajin, nawa sauraro ne. Sai na dawo gida na zana fiffike a kwamfuta, marigayin ya karɓa da "zuuuu", sannan nake jin ni ma na san wani abu. Bai taɓa tambayata shekaruna ba.

Mai haƙuri ne. Ko ƙura ta rufe masa ido, "ƙirrr" kawai zai ce ya ci gaba.

Game da jinyarsa, gaskiya ɗaya ce, ni ne sila. Kunyar maƙwabciyarmu nake ji, wata dattijuwa da muka haɗa bango, kada gurnaninsa ya hana ta hutawa. Ba ta taɓa kawo ƙara ba. Ni dai na riƙa lulluɓe shi da bargo biyu, a garin da ko mutum da singileti yake kwana. Mai ɗakina Fatsuma ta yi magana har ta gaji. Ranar Talata ya yi "kaf, kaf", ya yi "fuss", shi ke nan. Da Fatsuma ta shiga ba dattijuwar haƙuri saboda hayaƙi, a nan ta gano baiwar Allah ba ta ji sosai, ba ta ma san muna da inji ba.

Ya bar fikafikai goma sha ɗaya a duniya, biyu daga cikinsu suna ƙasan teku. Ya bar maraya guda, rabinsa fiffike, rabinsa katako. Wannan marayan shi ne cikon fikafikai ukun da na yi wa Umair alkawari, ɗan ajinmu mai zuwa bakin tekun Cherating hawan igiya, wanda shi kaɗai ke kirana Injiniya maimakon Baba. Ranar Lahadi zai tafi, igiyar kuma ba ta jiran kowa. Ban faɗa masa ba tukuna. Umair, idan ka karanta wannan, to ka ji.

Za a sauko da marigayin daga hawa na sha huɗu ranar Asabar bayan azahar, a miƙa shi ga masu gwangwan na unguwar Setapak. Ba za a lulluɓe shi da komai ba. Zaman makoki a baranda ne, kuma ba sai an yi tapau ba, wato ba sai an ƙunso abinci ba. Duk mai zuwa ya taho da samfefa, ni na fito da tsohon magagarina. Akwai marayan da za mu ƙarasa da hannu kafin Lahadi.