Salatif ɗin Kaka

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya sa na manta inda na ajiye hulata, da ranar da na kusa kashe muryar Kaka a gaban mata sama da talatin, da reza a hannuna, ina murmushi.

A unguwarmu Kpangalam, a garin Sokode, ana kirana Injiniya. Babu makarantar da ta ba ni sunan, ni na ba kaina, 'yan unguwa suka karɓa don su samu abin dariya. Na koyi lantarki ne daga bidiyo a waya da kuma gawarwakin rediyo (biyu daga ciki na Kaka ne, kuma da ransu suka shigo hannuna). Amma wallahi abin yana burge ni har yau. Wuta ta fita daga batir, ta bi siririyar hanyar tagulla, ta ratsa wani ɗan abu da ke rage mata ƙarfi, ta kunna ƙwan fitila, ta dawo gida. Kamar ɗan zemijan, mai babur ɗin haya, da ya ɗauki fasinja daga unguwar Komah ya zaga gari ya dawo tasharsa. In hanya ta yanke ko da faɗin gashi ne, komai ya tsaya cak. Wannan zagayen shi ake kira sirkwi. A sanina na lokacin, sirkwi yana zaune ne a kan koren faranti mai tauri, wayar wuta kuma zagayayya ce mai rigar roba. Iyakar ilimina ke nan, amma ina ji kamar na sauke.

Kaka ta rasu wata biyu kafin bikin Yaya Samira, 'yar Kawu Idi na Dapaong, wadda Kaka ta raina a Komah. Da ta ji jiki ya ƙi, ta sa Innata ta ɗauki muryarta a tsohuwar wayar ita Kakar mai ninkewa, ta yi wa amarya nasiha da addu'a, ta ce kada kowa ya ji sai ranar kai amarya. Wayar ba ta da katin ajiya, muryar tana cikinta kawai. Na ce a bari in kwashe, Inna ta ce ba da hannuna ba. Sai ga shi ta yi gaba Dapaong ta manta wayar a ƙasan akwati, dole aka ce in taho da ita. Sau uku ta kira ni tana maimaita cewa aikina kawowa ne, ba dubawa ba.

Kawu ya haɗa ni da maƙwabciyarsa, Tanti Damigu, wata 'yar ƙabilar Moba da ke dawowa daga Lome a motar da za ta tsaya Sokode. Mace ce shiru-shiru, da kwali a cinya. Na ɗauka sabulu ne ko magi. Tun ba mu kai Bafilo ba na fara yi mata karatu. Na zana mata batir a bayan tikiti. A Kara na bayyana mata dalilin da ya sa fitila ke mutuwa. A Mango, tana cin wagashi, cukun nan na nonon shanu, na ce mata in wayarta ta taɓa lalacewa kada ta kai wa 'yan kasuwa, ta aiko mini Sokode. Ta gyaɗa kai ta ce to, Allah ya ƙara sani. (Na ji daɗin addu'ar. Ban san addu'ar ce ta fi dacewa da ni a duk tafiyar ba.)

Ranar biki bayan azahar mata suka cika tsakar gidan Kawu. Za a kai amarya bayan la'asar. Aka zaunar da Yaya Samira a tabarma, tun ba a kunna komai ba ta fara hawaye. Inna ta buɗe wayar, gilashin ya yi haske ya ɗauke. Ta rufe ta sake buɗewa. In an buɗe rabi sai ya kawo, in an buɗe duka sai ya mutu. Ina tsaye a bakin zaure, zuciyata tana tsalle don murna, Allah ya yafe mini. Wata gwaggo ta ce ai ga Injiniya nan. Inna ta ce a'a. Gwaggo ta ce to me amfanin ɗan da ake yabo in ba yau ba. Haka wayar ta iso hannuna.

Na fito da sukundireba daga aljihu (eh, da ita na je biki), na kwance wajen da wayar ke ninkewa, ina yi ina bayani da ƙarfi don na baya su ji. Sai na ga wani siririn abu mai launin zuma, kamar ledar alewa, ya naɗe a cikin gaɓar. To ku fahimce ni. Kaka ba ta yarda da gyara ba, ta yarda da salatif. Tabarau ɗinta salatif, bangon Alƙur'aninta salatif, marfin fulas salatif, har takalminta na zuwa masallaci. Da na ga abin nan sai na yi dariya, na ɗaga wayar sama na ce, “Kun ga matsalar? Salatif ɗin Kaka ne ya shige ciki ya toshe hanya.” Mata suka yi dariya, wasu suka ce Allah ya jiƙan Hajiya, halinta ke nan. Na ari reza wajen mai ƙunshi, na yanke shi ƙyat.

Gilashin ya mutu. Rabi, duka, kwata, ko ta yaya aka buɗe, baƙi ƙirin. Na cire batir na mayar. Na hura. Na goga a riga. Yaya Samira ta ɗago mayafi ta dube ni, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Inna ta ce a hankali, “Sau uku na faɗa maka.”

Tanti Damigu ce ta taso daga cikin masu yanka albasa, ta goge hannu a zani, ta karɓi wayar ta duba, ta ce in biyo ta. Ashe shagonta yana bakin kasuwa, shagon gyaran waya, shekarunta a sana'ar sun fi rabin shekaruna. Kwalin da na ɗauka na magi ne, kayan gyara ne ta saro. A kan teburinta akwai madubin ƙara girma mai fitila. Ta sa wajen da na yanke a ƙarƙashi ta ce in leƙa.

Jama'a, na leƙa. Abin da na kira salatif, tituna ne a ciki. Layukan tagulla sama da ashirin, jere reras, kowanne bai kai gashin gira kauri ba, ba wanda ya taɓa ɗan'uwansa, an shimfiɗe su tsakanin fatar roba biyu. Sirkwi ne cikakke, amma mai lanƙwasa. Ta ce sunansa nap, shi ke ɗaukar hoto da sauti daga ƙasan waya zuwa sama, kuma duk buɗewar da Kaka ta yi tsawon shekaru, shi ke durƙusawa ya miƙe ba ya karyewa. Layi ɗaya ne kawai ya gaji ya tsage, shi ya sa yake haɗuwa in an buɗe rabi. “Ɗaya ya lalace,” in ji ta. “Kai ka gama da sauran.” Ina cikin kunyar da ban taɓa shiga ba, amma na kasa ɗauke ido daga madubin. Har na tambaye ta yaya ake ƙera shi. Ta ce in riƙe fitila in yi shiru.

Babu irin nap ɗin a kwalinta, wayar ta tsufa. Sai ta kankare bakin yankan biyu, ta warware igiyar abin sauraro na kunne, ta zaro zaren tagulla, ta dinga haɗa layi da layi da ɗigon dalma. Ni kuwa aikina riƙe fitila kawai. Aka kira la'asar tana kan na goma sha wani abu. Kawu ya aiko sau biyu cewa dangin ango sun iso da motoci. Da ta haɗa na ƙarshe, gilashin ya kawo. Ta ce kada a sake ninke ta har abada, ta ɗora ta a buɗe a kan faranti, na ɗauko da hannu biyu kamar mai kai wa surukai ƙwai.

Muryar Kaka ta fito, a dishe, da ɗan tari. Ta yi wa Samira addu'a, ta ce ta riƙe salla, ta rage gishiri a miya, kada ta kwana da fushi. Kowa na kuka, har Kawu da ke laɓe a zaure. Can ƙarshe aka ji ta tana tambayar Inna ko an kashe, sannan ta ce, “Wayar nan a ba kowa ya kai. Amma ban da mai buɗe-buɗen nan, rediyona biyu ya ci.”

Amarya ce ta fara fashewa da dariya cikin hawaye, gida ya ɗauka. Da wannan dariyar aka sa ta a mota.

Wayar tana nan a kabad ɗin Inna, a buɗe, an kife mata kwanon gilashi. Ni kuma duk hutu ina Dapaong a shagon Tanti, inda sunana ya koma Salatif. Yanzu in na buɗe na'ura na ga abin da ban sani ba, sai in zauna a kan hannuna tukuna. Kuma in na shiga mota na ga mace da kwali a cinya, gaisuwa kawai nake yi.