Ranar da Aka Ba Ni Jirgin Koyo

Shekarar da ambaliya ta ci unguwannin Khartum, na riga na shekara ashirin ina tuƙa babbar mota tsakanin Jazira da Omdurman. Ƙanen matata Usman kuwa yana koyar da tuƙin jirgin sama. Wata rana a wurin mai shayi a Kasuwar Libiya, na ce a gaban jama'a, wanda ya saba fitar da mota daga taɓon damina, jirgi ba zai gagare shi ba. Usman ya ce in zo ran Asabar.

Jirgin ƙarami ne, kujera biyu, kowace da sitiyarinta. Da muka yi sama ya ce, "Yaya, bismilla, riƙe a hankali." Na damƙe shi yadda nake damƙar na motata. Hancin jirgi ya ɗaga, na danna, ya yi ƙasa, na fizgo, kogin Nilu yana zuwa yana komawa. Da abin ya fi ƙarfina, na saki, na ɗaga hannu biyu ina salati.

Sannu a hankali jirgi ya daidaita, ya miƙe lafiya lau.

Na ce, "Allah ya karɓa."

Usman ya ce, "Amin, Yaya. Amma jirgin koyo haka ake ƙera shi, in an sake shi yana gyara kansa. Hannunka ne ya dame shi."

Bai rufa mini asiri ba. Har yau, ko wutar tukunya na matsa zan gyara, sai matata ta ce, "Malam, ɗaga hannu, za ta dahu."