Rasuwar Iyafis Mai Igiya, Abokin Gudun Mai Tawada

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda har yanzu ta ƙi yarda da abin da kunne ya tabbatar, Mai Tawada, mai shagon buga takardu da ke bayan tashar mota, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, da duk wanda ya saba ganinsa yana gudu da sassafe, rasuwar iyafis ɗinsa na sauraren rediyo a kunne, farin nan mai igiya, wanda ya yi shirunsa na ƙarshe ranar Talatar da ta wuce, a kan hanya, yana bakin aiki.

Tun daga ranar Mai Tawada bai sake ɗaura takalmin gudu ba. Wannan kuwa ba ƙaramar magana ba ce a gidan, domin likita ya daɗe da gaya masa cewa hawan jininsa ba ya jin magani shi kaɗai, sai an haɗa masa da gudu. Autarsa, wadda ita kaɗai ta rage tare da shi a gida, tana ɗaura masa abin awo safe da yamma, tana duba abin da ya nuna, tana juya masa baya don kada ya ga fuskarta.

Marigayin ya shigo gidan ne ta hannun Malama, matar Mai Tawada, malamar lissafi, Allah ya jiƙanta. Da likita ya ɗora wa maigidan gudu, ya yi kwana biyu yana fita da sassafe yana dawowa ba ɗigon gumi a jikinsa, sai ƙamshin gahawa. Malama ta bi sawu. Ta same shi a kan bencin mai gahawa na bakin kwana, ya harɗe ƙafa, yana warware wa ƙasa matsalolinta ɗaya bayan ɗaya. Ta juya ta koma gida. Da yamma ta sayi nata takalmin, ta ce daga gobe tare za a fita, sannan ta ja shi shagon kayan waya don a nemi abin da zai ɗebe musu kewa a hanya.

Mai shago ya baje musu kaya. Akwai manya masu rufe kunne gaba ɗaya, Malama ta ce waɗannan gumi zai dafa masa kunne, mota kuma ta zo ta kwashe shi bai ji ba. Akwai ƙanana marasa igiya, ta ce ranar farko zai jefa ɗaya a kwata. Sai ta ɗauko marigayin daga can ƙasan tire, ta warware igiyarsa, ta auna da hannu kamar mai sayen yadi, ta ce a naɗe mata guda ɗaya. Mai shago ya ce, "Hajiya, ai ku biyu ne." Ta ce, "Shi ma ai kunne biyu gare shi."

Haka aka raba marigayin tun ranar farko: kunnen dama na Mai Tawada, kunnen hagu na Malama, waya a aljihun maigida. Shi yana gefen motoci, ita tana hagunsa.

Duk wanda ya zauna da marigayin zai shaide shi da haƙuri. Ya sha gumin mutum biyu bai taɓa ƙorafi ba. Ruwan sama ya dake shi, an manta da shi a aljihun wando an wanke, an shanya shi a igiya tare da safa, washegari ya tashi ya kama aiki kamar ba a yi ba. Aibinsa ɗaya ne, kuma ba za a ɓoye shi don ya mutu ba: in aka bar shi shi kaɗai a aljihu, sai ya ƙulle kansa ƙulli bisa ƙulli. Malama ce ke kwance shi da farce a bakin ƙofa, tana yi masa faɗa kamar ɗalibin da ya makara.

Abin da ya fi iya kawowa shi ne shirin siyasa na safe a rediyo. Yakan fara da ɗan "shiiii", sai kiɗan buɗe shiri, "tan-taran-tan", sai muryoyin manya suna katse juna. Malama ba ta taɓa ganin gwamnatin da ta yi mata ba, ta jiya ko ta yau. Mai Tawada kuwa mutum ne da ya buga fastar kowane ɗan takara a shagonsa, ya ga fuskokinsu kafin a gyara hoto da bayan an gyara, don haka ba wanda yake so a ransa. Amma yakan kare gwamnati da dukan ƙarfinsa, don kawai ya ji Malama tana haki tana kawo hujja. Sau da yawa ta fusata da gaske. A gida da ta shige ɗaki ta rufe ƙofa. A hanya kuwa ba dama, domin igiyar marigayin ba ta wuce tsawon hannu ba. Dole ta yi fushinta kafaɗa da kafaɗa da mijinta, har su kai wurin mai gahawa, inda fushin yakan huce tun kafin kofi ya huce. Nasa ba sukari, bisa umarnin likita. Nata da sukari, kuma in ta juya tana gardama da mai gahawa a kan kuɗin mai, Mai Tawada yakan ɗan kurɓa. Marigayin yana kwance a tsakanin kofunan biyu yana ta ƙus-ƙus, bai taɓa tona masa asiri ba.

Ciwon farko ya sami marigayin ne a shekarar wani zaɓe. Wani babba ya faɗi a rediyo cewa talaka bai taɓa jin daɗi irin na bana ba. Malama ta tsaya cak a tsakiyar hanya, Mai Tawada kuwa ya ci gaba da gudu. Igiya ta miƙe, aka ji "ƙis", kunnen dama ya mutu nan take. Mai Tawada bai faɗa mata ba. Ya san in ya faɗa za a je a sayo wani, wataƙila ma a sayo biyu, kowa da nasa. Sai ya ci gaba da cusa mataccen kunnen a kunnensa kowace safiya, yana gudu ba ya jin komai sai numfashinta. In ta ce, "Ƙarya yake yi!" sai ya ce, "Gaskiya ya faɗa," alhali bai san ko wa ake nufi ba. Ba a daɗe ba Malama ta ɗauki wata sabuwar ɗabi'a, ta maimaita duk abin da rediyo ya faɗa da ƙarfi, wai don ta ji daɗin ƙaryata shi. Har ta koma ga Allah ba ta tambaye shi ba, shi ma bai tambaye ta ba.

Rashin lafiyar Malama gajeriya ce. Mai Tawada, wanda ya buga sanarwar rasuwar mutanen unguwa da ba su ƙirguwa, wanda ya san inda ake sa hoto da inda ake jera sunayen 'ya'ya da jikoki, ya zauna a gaban injinsa ya kasa jera ta matarsa. Wani abokin sana'a ne ya buga masa, 'yan layuka kaɗan. A wurin zaman makoki mutane suka yi ta yaba masa dauriya, domin ba wanda ya ga hawayensa. Bai daure ba. Kukan ne ya ƙi zuwa, ya tsaya masa a ƙirji kamar ƙwayar magani da aka haɗiya ba ruwa.

Bayan an watse ya koma gudu, domin Malama ta sa shi ya yi mata alkawari. Kunnen hagu na marigayin yana nan da ransa, muryarsa garau. Kowane mai hankali zai ɗauka ya sa a kunnensa ya ji labarai. Mai Tawada bai yi haka ba. Ya ci gaba da sa mataccen na dama, na hagun kuma ya maƙale shi da fil a kafaɗar rigarsa ta hagu, ya ƙure murya. Auta ta yi magana, mai gahawa ya yi magana, ya ce musu wannan kunnen yana da mai shi. Haka yake bi ta gaban makaranta, ya haye gada, ya zagayo ta bayan kasuwa, marigayin yana ta 'yar ƙaramar muryarsa a kafaɗa, "zizizi, zizizi", kamar sauro mai ladabi. Ba a jin kalmomi, amma ana jin lokacin da gardama ta yi zafi. A nan Mai Tawada yakan ce a hankali, "Gaskiya ya faɗa," ya ci gaba da gudu.

Ciwon ajali ya fara ne da shaƙewar murya. Sai an murza gindin igiya, sai an riƙe ta a wani karkace, sannan ya yi magana. An naɗe shi da salatif, an lallaɓa shi. Ranar Talata, a kan gada, ana tsakiyar gardama a kan kasafin kuɗi, kafaɗar Mai Tawada ta yi tsit. Ya tsaya. Ya murza, ya girgiza, ya hura masa iska. Daga ƙarshe ya cire fil ɗin, ya yi abin da bai taɓa yi ba tun da aka sayo shi, ya sa kunnen Malama a kunnensa. Ya ji "ƙis… ƙis…" can nesa, sai kuma ba komai. Nan ya zauna a gefen titi, dattijo da furfurarsa, motoci suna wucewa, ya yi kukan da ya ƙi zuwa a wurin makoki. Mai gahawa ne ya ga lokaci ya wuce bai iso ba, ya bar tukunya a wuta ya biyo hanya. Da ya gan shi bai tambayi me ya faru ba. Ya zauna kusa da shi, ta dama.

An garzaya da marigayin wurin mai gyaran waya. Ya tsaga fatar igiyar da reza, ya duba, ya ajiye, ya ce wannan ya daɗe yana aiki da ƙarfin hali, babu sauran abin da za a kama a liƙa.

Marigayin ya bar waya guda ɗaya, wadda ramin kunnenta yake nan a buɗe, da fil mai ɗan tsatsa, da takalman gudu ƙafa biyu a bayan ƙofa, manya da ƙanana. Ya bar mai gahawa, wanda har gobe in ya hango Mai Tawada hannunsa yakan kai kan kofi biyu kafin ya mayar da ɗaya. Ya kuma bar gwamnati ba mai kare ta a unguwar.

Ana roƙon masu zuwa ta'aziyya kada su ce ai iyafis ne kawai, akwai shi a kowane shago. An sani. Ana kuma roƙon kada a sake kawo marasa igiya. Auta ta riga ta kawo, masu kyau, waɗanda ba sa jin gumi kuma ba sa faɗuwa, ta nuna wa mahaifinta cewa su ma ana iya raba su, ɗaya nan ɗaya can, har mutum ya yi nisa yana ji. Ya juya su a tafin hannu ya miƙa mata. Ya ce, "Abin da ya sa ba na so ke nan, Auta. Mutum yana iya yin nisa." Ta koma shagon kayan waya. Ta sa mai shago ya tono mata mai igiya daga ƙasan tire, ta kawo ta ajiye a kan tebur kusa da maganinsa. Yana nan a kwalinsa, ba a buɗe ba.

Za a yi jana'izar marigayin gobe da sassafe, in Allah ya kai mu. Za a naɗe shi a farin hankici, a ɗauke shi daga ƙofar gida a bi da shi hanyar da ya sani: gaban makaranta, kan gada, bayan kasuwa, a tsaya wurin mai gahawa, inda za a kwantar da shi a kan tebur na ɗan lokaci. Daga nan za a dawo da shi gida a sa shi a aljihun tebur na ɗakin Malama, kusa da tabaranta. Auta ta ce wanda ya yi rayuwarsa a guje bai kamata a raka shi da tafiya ba, don haka da gudu za a kai shi. Ta kuma ce ita za ta tsaya a hagu. Ta gwada takalman mahaifiyarta, sun yi mata ɗan yawa, ta cusa guntayen takarda daga shagon mahaifinta. Ta gargaɗi mahaifinta cewa ita ma gwamnatin nan ba ta yi mata ba.

Mai Tawada bai ce to ba, bai ce a'a ba. Amma jiya da yamma an gan shi ya fito da nasa takalman ya kakkaɓe, ya ajiye su kusa da kwalin da ba a buɗe ba.

Duk wanda ya gamu da su a hanya, ana roƙonsa ya ba su wuri. In kuma ya ga dattijon ya juya hagu da magana a bakinsa, ya kira sunan da ba na 'yarsa ba, kada ya gyara masa. Auta ta ce za ta amsa.