Akwatin da Ba Ya Jin Muryar Kowa Sai Tawa

Ba zan taɓa mantawa ba da Juma'ar da na kai akwatina ofishin Alhaji Bala a Jabi. Lokacin ina aiki a wata ma'aikatar gwamnati, Abuja na ta bunƙasa, duk wanda ka gani da wata dabara a ransa yana neman mai kuɗin da zai ɗauki nauyinta. Tawa dabarar akwatin ƙarfe ne marar mukulli, ba ya buɗewa sai ya ji muryar mai shi. Na daɗe ina fama da shi, ni da wani mai walda a Apo, har na samu takardar mallakar fasaha. (Na sa ta a firam na rataye a falo, sama da hoton aurenmu.) Kalmomin da na koya wa akwatin su ne, "Ni ne maigida, a buɗe." Ni na zaɓe su, ba wanda ya tilasta ni.

Alhaji Bala ɗan kasuwa ne, ya ce zai zuba jari a ƙera su da yawa idan ya gani da idonsa. Ana saura 'yan kwanaki in kai masa akwatin, acaɓa ya kayar da ni a Nyanya, muƙamuƙina ya karye. Likita ya haɗa ƙashin da wani ɗan ƙarfe mai kusoshi, ya ce shi ya ƙirƙiro shi, shi ma yana da tasa takardar. Sannan ya ɗaure min haƙora da waya. Abinci sai kunu ta bututu, magana sai gurnani.

Mai hankali ɗage ranar zai yi. Ni kuwa tsoro nake kada Alhaji ya canza shawara, sai na ɗauki matata Hauwa ta yi min tafinta.

Akwatin a buɗe muka kai shi. Kafin Hauwa ta gama bayani, Alhaji ya jefa mukullin motarsa ciki, ya rufe murfin da kansa. "To Injiniya, bismilla."

Na duƙa na faɗi kalmomin nan. Abin da ya fito ya fi kama da janareto da ya ƙi tashi. Jar fitila ta kama. Na sake, miyau na bin wayar. Ja dai.

"Lokacin masallaci fa na tafiya," in ji Alhaji. "Babu wani mukulli na ko-ta-kwana?"

Babu. (A takardar ma da rashinsa na yi alfahari.)

Sai Hauwa ta ce, "Abban Amira, ɗan matsa." Ta gyara mayafi, ta banƙare ƙirji, ta kai hannu baya, ta yi gyaran murya irin nawa sak, ta ce, "Ni ne maigida, a buɗe."

Akwatin ya buɗe.

Alhaji ya dube ta. "Madam, yaushe kika koyi wannan?"

"Ai ranka ya daɗe, kullum in ya fita aiki ina yi wa yara. Amira ma ta fi ni iyawa."

Kunya ta rufe ni, ga baki a ɗaure, ba halin musu. Alhaji bai yi dariya ba, da ya yi ma da ya fi min sauƙi. Ya ɗauki mukullinsa, ya tsaya yana nazarin fuskata. "Amma aikin muƙamuƙin nan naka ya yi kyau, ko karkata babu. Ba ni lambar likitan nan." Na ba shi. Daga baya na ji a ƙarfen likitan ya zuba jarinsa.

Abin da na koya shi ne, kafin mutum ya ƙera abin da zai dogara da muryarsa, ya fara bincikar me ake yi da ita a gida idan ya fita. Akwatin yana nan, Hauwa na ajiye sarƙoƙinta da takardunmu a ciki. Tun da aka cire wayar muryata ta ɗan sauya, bai sake buɗe min ba. In ina bukatar fasfona, sai in roƙe ta ta zo ta gaya masa ita ce maigida.