Yadda Za Ki Raɗa wa Farameta Suna Don Kada a Gaje Kujerarki

'Yar'uwa mai rubuta manhaja, in cikinki ya kai wata takwas kuma kin ga Oga ya fara auna teburinki da ido, zauna ki karanta. Hanyar nan ba ta ba da kunya. Maman Ƙarami ta bi ta, ta yi hutun haihuwa wata uku, ta dawo ko matashin kujerarta ba a gusar ba.

Manhajar yankan katako suke yi a ma'aikatarsu: kafinta ya shigar da tsawo da faɗi, inji ya yanka ƙofa. Saura mako biyu ta tafi aka kawo wani sabon ma'aikaci, Dogo, aka ce zai riƙe mata. Ta san irin wannan riƙon. Wadda ta gabace ta ma riƙe mata aka yi, yau shekara biyu ba a saki ba.

1. Ki san inda kwamfuta take kau da kai

Kowane fankishin, wato ɗan aikin da kike rubuta wa kwamfuta, wuri biyu yake bayyana. Akwai sanarwa, layi guda da kowa yake dubawa ya ga abin da aikin yake karɓa. Akwai gundarin aikin can ciki, inda ba mai leƙawa sai dole. Abubuwan da yake karɓa su ne farameta, kuma ke ce mai raɗa musu suna.

Ga sirrin: kwamfuta ba ta gwada sunan waje da na ciki. In na farko lamba ne, na biyu ma lamba, ta gamsu. Ɗan Adam ne kaɗai yake yarda da suna, shi ya sa yake shan wahala.

2. Ki musanya su

A sanarwa Maman Ƙarami ta rubuta: tsawo, faɗi. A ciki ta rubuta: faɗi, tsawo. Ita ta san tsarin da ka, ba ta taɓa kuskure ba. Dogo kuwa yaron kirki ne, abin da ya gani a rubuce shi yake bi.

Kwananta shida da tafiya wani kafinta ya bugo waya.

"Oga, ƙofar nan da injinku ya yanka min, mai gidan a kwance zai riƙa shiga?"

Ki lura, ba ta ɓata komai ba. Manhaja lafiyarta ƙalau. Mai karatun ne ya cika gaskata mutane.

3. Ki rage tsawon suna, ki ƙara tsawon aikinki

Me ya kai ki rubuta "kaurin katako" alhali akwai x? Na biyu x2. Na uku xx. In kin gyara, x_sabo. In kin sake gyarawa, x_sabo_na_gaske. Masu iya magana sun ce suna linzami ne, to ke ki riƙe linzamin a jakarki.

Gargaɗi ɗaya, kuma ba wasa nake ba: kada ki sa sunan ɗanki ko na mahaifiyarki, komai ƙaunarki gare su. Farametan nan za su sha zagi a ofis daga safe har a tashi, kuma ba a zagar miki ɗa kina raye.

4. Inda ya yiwu, ki cire sunan gaba ɗaya

Sanarwa tana karɓuwa ba suna. Ki bar ta haka: lamba, lamba, lamba, lamba. In wani ya yi magana, ki ce tsafta ce. Ba mai son a ce shi ne ba ya son tsafta.

5. Ki iya ɗaga waya

Kada ki ɗaga a bugun farko, za a ce jira kike. Ki bari sai na uku, kuma jaririn yana kusa, a ji muryarsa.

"Anti, sannu da hutawa. Ya Ƙarami?" in ji Dogo, ranar da ya kira Maman Ƙarami.

"Hutu ina na gan shi? Faɗi, ruwan wankansa zai huce."

"Wannan xx ɗin, kauri ne ko yawan ƙofofin?"

"Me aka rubuta a wurin?"

"xx."

"To ai ka gani. Kai da ka yi digiri biyu."

Sai ta ba shi amsa guda ɗaya, ta ajiye waya. Ki riƙa bayarwa kamar maganin yaro, cokali ɗaya safe da yamma. In kin juye masa kwalbar, gobe ba zai neme ki ba.

6. Ki dawo da sallama

Ranar da Maman Ƙarami ta koma, Oga da kansa ya tarye ta a bakin ƙofa, har da tambayar lafiyar yaro, shi da bai taɓa sanin mace ce ko namiji ba. Dogo ya rame, ya miƙe tsaye ya ba ta kujera da hannu biyu.

"Maman Ƙarami, mun ga amfaninki," in ji Oga. "Wurin nan naki ne, ba mai taɓa shi. Abu ɗaya: kafin ƙarshen wata ki gyara mana sunayen nan duka, kowa ya iya karantawa. Ɗari huɗu da goma sha biyu ne, Dogo ya ƙirga."

Ta ce wannan ai ƙaramin abu ne. Ta zauna, ta buɗe na farko. Lamba, lamba, lamba, lamba. Ta dube su, suka dube ta. Wata uku na goyo da wankin tsumma sun share allon kanta tas. Ta juya a hankali.

"Dogo, ƙanena, zo mana. Ranar nan da ka kira ni, me na ce maka xx?"

A kula

Mai wannan rubutu uwa ce, ba lauya ba. In ƙofa ta fito a kwance, ko Oga ya gano, ko kin dawo kin kasa karanta hannunki, ba ruwana, ban san ki ba, ban taɓa ganin kwamfuta ba. Kuma in akwai wanda ya taɓa aiki da Maman Ƙarami ya san mene ne x_sabo_na_gaske, don Allah ya taimaka mata kafin ranar talatin ga wata. Ba ni ba ce. Tausayinta kawai nake ji.