Farantin da Na Mance da Nauyinsa

Ba zan taɓa mantawa da safiyar wata Litinin ba, can a shekarun tamanin, lokacin ina aiki a wani kamfanin gyaran shinkafa a hanyar Garatu. Na dawo ke nan daga kwas na mako shida a Kaduna, ina tafiya kamar ni na ƙera tukunyar tururin kamfanin (har biro uku nake sakawa a aljihu, biyu ma ba sa rubutu).

Abin da na koyo shi ne gwada geji, wato agogon da ke nuna ƙarfin tururi, da wani injin awo da aka sayo tun da daɗewa aka rasa mai taɓa shi. Aikinsa ba wuya. Ka ɗaura gejin, ka jera ƙarafan awo a kan faranti, ka murɗa hannu har mai ya ɗaga farantin, ka juya shi yana lilo, sannan ka duba ko allurar gejin ta yarda da nauyin ƙarafan.

Na gwada geji tara, duk suka zarce da ɗigo ɗaya. Mai hankali zai tsaya ya yi tunani. Ni kuwa sai na ɓalle alluran shida daga cikinsu na mayar da su baya, na rubuta rahoto shafi uku cewa shekara da shekaru ana aiki da maƙaryatan geji. Laifin kai tsaye ya faɗa kan Baba Yohanna, wani dattijo Bagware da ke kula da tukunyar tun kafin in shiga sakandare. Har an fara raɗe-raɗin za a sallame shi.

Manaja ya ce in nuna a gaban kowa. Ya zo cikin farin kaftani, zai wuce ɗaurin aure a Tunga. Na jera ƙarafa ina zuba Turanci, allura ta zarce kamar kullum, na waiwayo ina jiran tafi.

Baba Yohanna ya matso a hankali, ya ce da Hausarsa ta Gwarawa, "Ɗana, ni ban yi makaranta ba. Amma wannan faranti da kake sa ƙarfe a kai, shi ba ya da nauyi? Matata in ya auna doya, yana cire na kwano."

Na sunkuya na duba. Ga lamba nan an buga a gefen farantin ɓaro-ɓaro, ɗigo ɗaya cif. An kuwa koya mana wannan a Kaduna (ranar ina jin na fita cin tsire). Gejin Baba lafiyarsu ƙalau, ni na bi shida na lalata.

Da a nan abin ya tsaya da na gode Allah. Amma don in nuna ban ruɗe ba, sai na ɗauki sifana na hau kwance gejin, ban sassauta hannun injin ba. Mai ya yi tsartuwa, ya zana layi tun daga aljihun Manaja har hularsa. Farantin kuwa na ta juyawa abinsa. Manaja ya dubi rigarsa ya dube ni, ya tambaya ko wannan ma a cikin kwas ɗin yake.

Kwana biyu na yi ina mayar da allurai inda na same su, Baba na zaune a gefe yana miƙo mini sukudireba. Taimakon nan nasa ya fi zagi ciwo. A rana ta uku na je har gidansa a Ketaren Gwari na durƙusa na ba shi haƙuri, ya yi dariya ya sa aka kawo mini kunu.

Tun daga nan, in na ga mutum tara sun yi kuskure iri ɗaya, ni kaɗai ke da gaskiya, sai in ja bakina in koma in sake lissafi.