Ranar da Na Yi wa Baƙina Taki

Noman rani ya ajiye ni a bukka gefen dam ɗin Goronyo, ba abokin hira sai albasa. Da kaɗaici ya ishe ni, na gayyaci maƙwabtan gona cin dafa-duka, ina cika baki cewa na fi mata iya girki. Farin magi da ragowar takin zamani kuwa duk a gwangwanayen madara na adana su, ba alama. Ban duba ba na barbaɗa.

Baba Sani, dattijonsu, ya kai loma ya tofar. "Ɗana, mi kaz zuba ciki? Mu albasa ne?"

Allah ya tsare, ba wanda ya haɗiye. Har yau ni kaɗai nake cin abincina, suna kirana daga nesa: "Mai taki, ba ka yi ganye ba?"